Idan Kwamfuta Ta Ƙi Ganin Waya: Yadda Ake Bin Matsalar Fot Wajen Filashin

Ana filashin, wato sake zuba wa waya manhajarta daga kwamfuta: an ɗora fayil, an danna Download, an soka waya, amma layin da ke ƙasan manhaja ko gezau. Ko kuma ya yi ja, ya cije, saƙo ya faɗo cewa an kasa buɗe fot, wato ƙofar da kwamfuta ke magana da waya ta cikinta. Duk mai gyaran waya daga Gumel har Gwarzo ya san wannan zaman, mai waya na tsaye a kansa yana tambaya ko an kusa.

A kasuwar waya ta Farm Centre a cikin Kano, in kebul ya ƙi sai ka miƙa hannu ka ari na maƙwabci, in laftof ta ƙi ka tsallaka shagon gaba. Mu da ke ƙauye ba mu da wannan gatan. Laftof ɗaya ce, ita ma ta hannu, data da tsada, sabis sai an laluba, wuta kuwa sai janareta ko sola. Shi ya sa aikin kirdado ya fi cutar da mu fiye da kowa. Sau da yawa za ka ga yaro ya ƙone data wajen sauke sabon fayil mai nauyin giga biyu ko uku, alhali abin da ya hana aikin kebul ne.

Mai noman rani a fadamar Haɗeja, in ruwa bai kai fage ba, ba ya fara da kwance inji; tiyo yake bi gaɓa-gaɓa har ya ga inda ruwan ya tsaya. Haka za mu bi wannan aikin. Gaɓoɓin kuwa su ne ramin USB na kwamfuta, kebul, gindin caji, yanayin da furosesa (ƙwaƙwalwar wayar) ta shiga, direba (ƙaramin shirin da ke ba Windows damar magana da na'ura), lambar COM (lambar da Windows ke ba fot), sannan manhajar filashin a ƙarshe. Saƙon kuskure a manhaja yake fitowa, amma da wuya a ce a nan ciwon yake.

Da farko, buɗe ido da kunne

Kada ka fara buɗe manhajar filashin. Danna madannin Windows tare da R, ka rubuta devmgmt.msc, Device Manager zai buɗe. Ƙara sautin laftof ɗin, domin ƙarar da Windows ke yi idan an soka abu ko an zare shi babbar shaida ce. Faɗaɗa sashen Ports da sashen Universal Serial Bus controllers. Kashe wayar gaba ɗaya, ba allo kawai ba. In mai cirarren batir ce, cire ka mayar. Sannan ka soka kebul, idonka na kan kwamfuta ba kan waya ba.

Ɗaya daga cikin abubuwa huɗu zai faru. Ko dai shiru, babu ƙara, jerin bai ko motsa ba. Ko kuma a rubuta “Unknown USB Device” da alamar ɗorawa. Ko wani suna ya fito a ƙarƙashin Other devices, shi ma da alamar ɗorawa. Ko kuma suna ya fito lafiya lau a ƙarƙashin Ports da lambar COM a gabansa. Kowanne da hanyarsa, maganin wannan kuma ba ya yi wa wancan. Wanda ya ji shiru ya tafi sauke direba ya yi asarar datarsa, domin direba ba ya aiki a kan abin da Windows bai ma san an soka ba.

In shiru ka ji

Wannan aikin hannu ne, ba na manhaja ba. Fara da kebul, don shi ne ya fi yawan laifi. Cikakken kebul na USB 2.0 wayoyi huɗu ne a cikinsa: ja mai ɗauke da wutar bolt 5, baƙi na ƙasa, sai fari da kore masu ɗaukar data, wato D- da D+. Yawancin kebul masu arha da ake zubawa a faifai ranar kasuwa, da waɗanda ke zuwa tare da fitila ko ƙaramar rediyo, wayoyi biyu kawai gare su. Za su yi caji sarai, amma ko shekara za a yi kwamfuta ba za ta ga waya ta cikinsu ba. Don haka kada alamar caji a allo ta ruɗe ka.

Gwajin mai sauƙi ne. Ɗauki wata waya mai lafiya a kunne, ka soka da wannan kebul ɗin. In kwamfuta ta yi ƙara, har ka iya buɗe hotunan da ke ciki, kebul da ramin USB sun fita daga zargi. Shawarata ita ce ka ware gajeren kebul mai kauri guda ɗaya na Micro da guda na Type-C, ka ɗaura musu zare ko salatif, su zama na filashin kaɗai. Ko wa ya zo aron caji, ka ba shi wani.

In kebul ya wuce gwaji, sai gindin caji. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna taruwa a can ciki su daskare, kan kebul ya kasa kaiwa ƙarshe. Da damina kuma laima ke sa ƙafafun su yi tsatsa ko kore. Haska da tocila ka duba. Tsinken itace ko tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit sun isa; kada ka sa allura alhali batir na jone. In Type-C ce, juya kan kebul ɗin ka sake sokawa. Layin data yana ɓangarori biyu na ramin, don haka in gefe ɗaya ya lalace ɗayan na iya amsawa, kuma hakan ya nuna maka inda ciwon yake.

Akwai abin da ya yi yawa yanzu. Wayoyi da dama gindin cajinsu na kan ƙaramin fanel ne na ƙasa, wanda filas, wato siririn kebul mai faɗi, ke haɗa shi da babban inji. Wani lokaci an taɓa canza wannan ƙaramin fanel da mai arha, wanda ke caji amma ba ya wuce da data yadda ya kamata. Tambayi mai wayar: “Alhaji, an taɓa canza mata gindin caji?” In ya ce e, zarginka ya fara daga nan. Gindin Micro ƙafa biyar ne: wuta, D-, D+, ID, da ƙasa. Cire batir, sa mita a wajen auna dayod, jan tsinke a ƙasa, baƙin a kan D+ sannan D-. Lambobin biyu su zo kusa da juna. In ɗaya ya nuna sifili, layin ya haɗe da ƙasa. In bai nuna komai ba, layin ya yanke, ko dalma ta saki, ko filas bai zauna ba.

Kada ka manta da batir. Batirin waya na aiki ne a wajen bolt 3.7 zuwa sama. In mita ta nuna ya faɗi ƙasa sosai, ba shi caji tukuna. Wayar da ta yi makonni a ajiye kafin a kawo ta ranar kasuwa sau da yawa wannan ne kawai ciwonta.

“Unknown USB Device” da lamba 43

Nan Windows ya ji an soka abu, ya tambaye shi ko shi wane ne, amsar ba ta zo daidai ba. Yawanci za ka ga an ƙara da “Device Descriptor Request Failed”, a Properties kuma lambar kuskure 43. Mutane da yawa na ɗauka direba ne. Ba shi ba ne. Windows bai ma samu sunan abin ba, balle ya nema masa direba. Layin data ne ke da rauni: kebul mai tsawo ko sirara, ƙafa ɗaya ta gindin caji da ta ɗaga, ko wutar da ba ta da tsafta.

Maganar wuta ta shafe mu kai tsaye. Ƙaramin janareta da cajar laftof ta gwanjo in suka haɗu sukan sa hayaniyar lantarki a layin USB. Wani lokaci har za ka ji jikin laftof na ɗan tsikarar hannu, ko kibiyar linzami na rawa ita kaɗai. Zare cajar laftof, ka bar ta a kan batirinta, ka sake sokawa. Na sha ganin wannan kaɗai ya warware lamarin. In batirin laftof ɗinka ya mutu, to saya mata batir ya fi maka sayen sabon kayan gyara amfani, domin janareta in ya shaƙe ana tsakiyar rubuta fayil, wayar mutane ce za ta tafi.

Canza rami kuma. Ramin da harshensa shuɗi ne USB 3.0 ne, baƙi kuwa yawanci 2.0. Tsofaffin direbobi da tsofaffin manhajoji sun fi jituwa da 2.0. In babbar kwamfuta ce ta tebur, yi amfani da ramukan baya, su ne ke manne da injin kai tsaye. Kada ka bi ta hob mai raba rami ɗaya zuwa huɗu. Ramin 2.0 miliam 500 kawai yake bayarwa, in ka rataya masa linzami da modem da fanka, me ya rage wa waya?

Sannan ka hana Windows kashe ramukan don tsimin batir. A Device Manager, buɗe kowane USB Root Hub, shiga Power Management, ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe shi. A Power Options kuma nemi “USB selective suspend” ka kashe.

In suna ya fito da alamar ɗorawa

To yanzu ne aka zo maganar direba, kuma a nan nake so ka natsu, domin a nan ake ɓata kwamfuta. Kafin ka sa komai, gano wace furosesa ce a cikin wayar. Sunan kamfanin da ke bayan murfi bai isa ba. Tecno, Infinix da itel, waɗanda su ne suka cika hannun mutanenmu, wasunsu MediaTek ne, wasu kuma Unisoc, wanda a da ake kira Spreadtrum, masu gyara ke cewa SPD. Danna dama a kan sunan, shiga Properties, sannan Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga VID da PID, kowanne da haruffa huɗu a gabansa. VID shi ne kamfani, PID shi ne yanayin da na'urar take ciki.

0E8D MediaTek ne. In PID ɗin 2000 ne, tana yanayin Preloader, wato ƙaramin shirin da ke tashi kafin babbar manhajar wayar. In 0003 ne, tana BROM, wato shirin farko da aka gina cikin furosesar kanta. 05C6 Qualcomm ne, kuma 9008 shi ne yanayin EDL da ake filashin a cikinsa. 1782 da 4D00 Unisoc ne. 04E8 Samsung ne. Rubuta waɗannan a takarda ka manna a bangon shago.

Sai ka duba lambar kuskuren a shafin General. Lamba 28 na nufin babu direba kwata-kwata. Lamba 52 na nufin akwai, amma Windows ya ƙi shi saboda bai amince da sa hannun da ke kansa ba. Lamba 10 na nufin an sa direba amma na'urar ta kasa tashi da shi, galibi don ba nata ba ne ko ya tsufa.

Lamba 28 mai sauƙi ce. Nemi fayil ɗin direban da ya ƙare da .inf, danna dama, ka zaɓi Install. Ko ka danna Update driver, ka nuna masa jakar da hannunka. Kada ka bar Windows ya tafi nema a intanet.

Lamba 52 kuwa ta fi zuwa a Windows 10 da 11 masu bit 64 idan direban tsoho ne. Riƙe Shift ka danna Restart. Shiga Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ka sake danna Restart, sannan ka danna 7. Kwamfuta za ta tashi ba tare da tilasta sa hannu ba, sai ka sa direban. Amma fa wannan sassaucin na wannan kunnawar ne kawai. Shi ya sa wani zai ce jiya ta yi, yau da safe ta ƙi. Mafita mai ɗorewa ita ce ka nemi direba mai sa hannu, kuma akwai su na MediaTek da Qualcomm da Unisoc duka. A Windows 11 akwai kuma Memory integrity a ƙarƙashin Core isolation, wanda ke toshe wasu tsofaffin direbobi ko da an sa su. Kariya ce ta gaske, don haka in ka kashe ta domin aiki, ka san abin da ka kashe.

Wani abin da ke tsorata sababbin shiga: in ka sa direban MediaTek ta hanyar Add legacy hardware, zai zauna a Ports da lamba 10. Ba komai ba ne, don babu wayar da ke jone da shi. Kana iya cire wannan sunan, in dai ba ka sa alamar goge direban ba.

Babbar cutar kuwa ita ce tara direbobi. Wannan ya turo ɗaya ta WhatsApp, wancan ya ba da wani a filasha, kowace manhaja kuma ta zo da nata, duk an zuba a kwamfuta ɗaya. Ƙarshe Windows ya ɗauki wanda bai dace ba. Gyaran shi ne shara. A Device Manager danna View, ka zaɓi Show hidden devices. Duk sunayen da suka dusashe a Ports tsofaffin wayoyin da aka taɓa sokawa ne. Cire su ɗaya bayan ɗaya, kana sa alamar goge direba a kan na kamfanin da ke ba ka wahala. Ƙaramar manhajar USBDeview tana sauƙaƙa wannan, don tana jera duk abin da aka taɓa sokawa tare da VID da PID. Wanda hannunsa ya faɗa zai iya buɗe Command Prompt da ikon admin, ya rubuta pnputil /enum-drivers, ya ga dukkan direbobin da aka ƙara. Bayan shara, kashe ka kunna, ka sa guda ɗaya tak.

In ka taɓa sa libusb ko UsbDk domin manhajojin tsallake kariyar MediaTek, ka tuna da su. Suna shiga tsakanin waya da direbanta, kuma sukan hana wata manhajar ganin fot ko da sunan ya fito daidai.

Fot ya fito, amma manhaja ta ƙi

Fot ɗaya, manhaja ɗaya. COM ba ya karɓar baƙi biyu lokaci guda. Wanda ya riga buɗewa shi ke riƙe da shi. Saƙon S_COM_PORT_OPEN_FAIL mai lamba 1013 a SP Flash Tool, manhajar filashin ta MediaTek, da “Can't open the serial(COM) port” a Odin, ta Samsung, sau da yawa daga nan suke. Rufe duk wata manhajar gyara da ke buɗe, har waɗanda suka ɓuya kusa da agogo. Ga Samsung, rufe Smart Switch ko Kies. Mu da ke shiga intanet da modem na USB kuma, manhajar modem ɗin kan leƙa duk sabon COM da ya fito don ta ga ko nata ne. Zare modem, rufe manhajarsa, sannan ka yi aiki. Buɗe manhajar filashin da “Run as administrator”.

Duba lambar COM ɗin ma. Windows na ba kowace sabuwar na'ura sabuwar lamba, har ka wayi gari kana COM60 ko sama. Wasu tsofaffin manhajoji ba sa iya buɗe abin da ya wuce COM9. Shiga Properties na fot ɗin, Port Settings, Advanced, ka zaɓi ƙaramar lamba. In an rubuta “in use” a gaban lambobin alhali babu abin da ke jone, waɗancan dusassun sunayen ne suka riƙe su. Share su lambobin za su dawo.

Daga nan kowace furosesa da halinta.

MediaTek ce ta fi rikita mutane, don haka zan daɗe a kanta. In ka soka wayar da aka kashe, fot ɗin Preloader zai fito na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai ya ɓace, wayar ta koma caji. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka gina ta: tana ɗan jira ko akwai mai magana da ita, in babu ta wuce. Saboda haka tsarin shi ne a ɗora fayil ɗin scatter, mai nuna inda kowane ɓangare zai zauna a ma'ajiyar wayar, a danna Download, sannan a soka waya. Wanda ya soka kafin ya danna ya makara. In Preloader ya ƙi, riƙe madannin ƙara sauti ko na ragewa, ko duka biyun, ya danganta da samfurin, sannan ka soka. Wannan ke kai ta BROM, sunan ya fito “MediaTek USB Port”. Sababbin wayoyi da yawa an toshe musu wannan ƙofar ta madanni, wasu kuma sai da fayil ɗin izini na kamfani.

Kalli launin layin da ke ƙasa. Ja na nufin ana tura DA, wato ƙaramin shirin da ke shiga wayar ya karɓi sauran aikin. Ɗorawa na nufin ana rubuta fayil. In ja ya cika ya tsaya cak, ka ji ƙarar zarewa da sokawa, koma Device Manager. Bayan DA ya shiga, waya kan sake bayyana da wani suna, “MediaTek DA USB VCOM Port”, shi ma yana buƙatar direbansa. In babu, nan aikin zai tsaya.

Lambobin kuskuren ma suna magana. 2005 na cewa manhaja ba ta samu gaisawa da wayar a kan lokaci ba: ba a kashe ta sosai ba, ko batir, ko kebul. Riƙe madannin kunnawa da na rage sauti har ta mutu murus, ka sake. 4008 yankewa ce ana cikin rubutu, koma kan kebul, rami da wuta. Amma 4032 ba maganar fot ba ce ko kaɗan. Kwamfuta ta ga waya, sun yi magana, sai dai Preloader ɗin da ke cikin fayil ɗinka bai dace da ma'ajiyar wannan injin ba, ko ma'ajiyar kanta ta lalace. A nan ne neman wani fayil ke da ma'ana. Haka in saƙon ya ambaci AUTH, izini ake nema, canza kebul ba zai yi komai ba.

Unisoc, wadda ke cikin ƙananan itel da yawa da wayoyi masu madannai, tsarinta kusan ɗaya ne. Ɗora fayil ɗin PAC, wato fayil ɗin manhajar wayar, a ResearchDownload ko UpgradeDownload, jira ya gama buɗewa, danna farawa, riƙe madannin rage sauti, ka soka, kada ka saki sai layi ya fara tafiya. Sunan da za ka gani shi ne “SPRD U2S Diag”. A wayoyi masu madannai, madannin da ake riƙewa ya bambanta, sai ka gwada su ɗaya-ɗaya kana kallon Device Manager.

Qualcomm ita fot ɗinta ba ya ɓacewa. In babu direba za ka ga QHSUSB_BULK ko QUSB_BULK, in akwai kuma “Qualcomm HS-USB QDLoader 9008”. In 900E ka gani, ba ta shiga yanayin filashin ba tukuna. Kuskuren Sahara a QFIL, manhajar filashin ta Qualcomm, yakan zo idan waya ta daɗe zaune a EDL kafin a danna Download, ko an riga an gwada sau ɗaya an kasa. Zare, riƙe madannin kunnawa har ta fita, mayar da ita EDL, ka danna nan take. Ajiye jakar fayil ɗin kai tsaye a C da gajeren suna marar tazara. In duk da haka ta ƙi, fayil ɗin Firehose, mai yi wa Qualcomm irin aikin DA, shi ne bai dace da wayar ba.

Samsung ta fi sauƙi: sa direbanta, shigar da ita Download Mode, akwatin ID:COM a Odin ya yi shuɗi, a rubuta “Added!!”. In ya tsaya a SetupConnection, canza kebul da rami, ka sake shigar da wayar.

In bokis ɗin ne da kansa

Wani lokaci ba waya ba ce ta ƙi fitowa, bokis ne, wato akwatin gyara da ake jonawa da kwamfuta, ko kebul ɗin siriyal. Yawancinsu na ɗauke da ɗan cif mai juya USB zuwa siriyal: FTDI mai VID 0403, Prolific mai 067B, ko CH340 mai 1A86. Na FTDI hawa biyu ne. Dole ka ga “USB Serial Converter” a sashen USB, sannan “USB Serial Port” a sashen Ports. In na farko ya fito na biyu babu, buɗe Properties na na farkon, shiga Advanced, sa alama a Load VCP, ka zare ka mayar.

Jabun cif ya yi yawa a kaya masu arha. Sababbin direbobin Prolific suna ƙin jabu da tsofaffin cif irin PL2303HXA, su nuna lamba 10 ko saƙon cewa an daina yin sa tun 2012. A shekarar 2014 kuma wani direban FTDI da ya bi ta Windows Update ya riƙa mayar da PID na jabun cif zuwa 0000, har sai da aka janye shi. Don haka yi amfani da direban da ya zo da bokis ɗinka, kuma in ya zauna lafiya kada ka bari a sabunta shi. Bokis mai kati a ciki, duba sashen Smart card readers ma, don in ba a ga katin ba manhaja ba za ta buɗe ba ko da fot na nan.

Kafin ka danna, da lokacin da za ka tsaya

Idan fot ya amsa bayan doguwar wahala, zuciya kan so a danna komai a gama. Dakata. A SP Flash Tool, “Format All + Download” na share wurin da lambar IMEI da saitin sabis suke, waya ta tashi ba ta ganin layi. Fara da Download Only, kuma in manhajarka na iya kwafe NVRAM da NVDATA, wato inda waɗannan suke, kwafe su tukuna. Faɗa wa mai waya tun da wuri cewa hotuna da lambobi na iya tafiya. Ga dattijuwar da lambobin 'ya'yanta na Legas da Fatakwal ke ciki, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ka ce mata, “Inna, akwai wanda ya rubuta lambobin nan a takarda?” Wayar da aka kawo a kulle kuma, mai kawowa ya kasa bayanin inda ya same ta, mayar masa da ita.

Ranar da ka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi, sauke direbobin nan huɗu da manhajojinsu, ka adana a filasha ta daban. Ka ajiye tsohuwar waya mai MediaTek wadda ka san lafiyarta. Duk ranar da fot ya ƙi, ita za ka fara sokawa. In ta fito, kwamfutarka lafiya, ciwon na wayar mutane ne. In ita ma ta ƙi, kada ka kwance wayar kowa.

In wayar gwaji ta fito, kebul mai kyau ne, gindin caji sabo ne, layukan D+ da D- sun auna daidai, batir na da wuta, amma har yanzu shiru ko lamba 43, to abin ya shiga cikin inji: cif ɗin wuta, ko furosesar kanta. In ba ka da injin iska mai zafi da madubin ƙara girma, kada ka taɓa. Haɗa ta da motar Kano zuwa wajen wanda ka yarda da hannunsa, ka sa takarda a cikin ledar: samfurin wayar, VID da PID in sun fito, lambar kuskuren Windows, lambar kuskuren manhaja, launin da layi ya tsaya a kai, abin da mita ta nuna a D+ da D-, da duk abin da ka riga ka canza.